Darasi na Bakwai: Namiji da Mace a Jiki Ɗaya

Kowa ya zo aji da furen kuɓewa guda ɗaya, wanda aka tsinko da safe. In babu kuɓewa a kusa, furen yakuwa ko na rama ko na auduga ya wadatar, domin dangi ɗaya ne, ƙirar furensu ma kusan ɗaya ce. A haɗo da sabuwar reza. Darasin yau na gani ne, gani kuwa ya kori ji.

Mun taso mun san haihuwa sai da biyu: rago da tunkiya, bunsuru da akuya, zakara da kaza, ingarma da goɗiya. Shi ya sa in aka ce ga halitta ɗaya ɗauke da kayan namiji da na mace, wato mata-maza, sai zuciya ta tafi ga tawaya, ko ga wani abin al'ajabi da ba a cika gani ba. A garke haka abin yake. A gona kuwa lamarin ya juya. Masana tsirrai sun ƙiyasta cewa a cikin ire-iren tsirrai masu fure, kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ne kawai suke da namiji daban, mace daban. Sauran duka, tushe ɗaya ne ke ɗauke da biyun. Tuwon da muka ci jiya, da miyarsa, da man gyaɗar da aka zuba a kai, duk daga mata-maza suka fito.

Abin da ke cikin furen kuɓewa

Ku riƙe furen, ku cire rawayen ganyayensa biyar a hankali. Waɗannan ado ne na kiran ƙwari, ba su ne masu haihuwa ba. Abin da ya rage a tsakiya wani ɗan ginshiƙi ne. Jikinsa cike yake da ƙananan jakunkuna, in kun shafa za ku ga rawayen gari ya maƙale muku a yatsa. Wannan shi ne garin fure, kuma ginshiƙin da jakunkunansa su ne sashen namiji. Kowace ƙwayar garin nan rai gare ta, ita ce ke ɗauke da rabon uba.

A can saman ginshiƙin akwai wasu 'yan kawuna ja wur masu laushi kamar karan-miski. Wannan bakin mace ne. Yanzu ku tsaga furen da reza daga sama zuwa ƙasa. Za ku ga wani siririn zare ya taso daga jajayen kawunan nan, ya bi ta cikin ginshiƙin namiji, ya sauka a kan wani ɗan koren ƙullutu a gindi. Ku tsaga ƙullutun, za ku ga fararen ƙwayoyi jere reras. Wannan ita ce mahaifar fure, ƙwayoyin kuma su ne za su zama iri. Ƙullutun nan shi ne kuɓewar da za a tsinka bayan kwana huɗu zuwa shida.

In garin fure ya faɗa kan bakin mace, sai ya tsira, ya miƙa wani bututu da ido ba ya gani, ya bi zaren nan har ya isa ga ƙwaya ɗaya a mahaifa. Wannan saukar gari a bakin mace ita muke kira barbara, kamar yadda makiyayi ke faɗa a garke. Kowace ƙwayar iri sai da ƙwayar garinta. In barbara ba ta samu ba, furen ya kaɗe, ba ɗa ba jika.

Furen kuɓewa yini ɗaya ne ransa. Ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Duk wannan aiki cikin 'yan sa'o'i yake gudana, lokacin da mai gona yake can yana noma bai sani ba.

Turawa ba su tabbatar da wannan ba sai a shekarar 1694, lokacin da wani likita mai suna Rudolf Camerarius, malami a jami'ar Tubingen ta Jamus, ya rubuta sakamakon gwajinsa. Ya cire furannin namiji na zurma kafin su buɗe, bai sami iri mai tsira ba. Ya yanke gemun masara, goyon ya fito ba ƙwaya. Amma masu dabino sun riga shi da dubban shekaru. Dabino yana cikin 'yan tsirarun nan da namiji ke tsaye daban, mace daban, haka ma giginya da goruba da kanya. Tun zamanin tsohuwar Iraƙi ake hawa bishiyar mace a ɗaura mata reshen furen namiji. Mutanen Madina ma suna yi, har zancen ya zo a hadisi cikin Sahihu Muslim. Yau ma haka ake yi a Ingal da Bilma, da kuma Dutse ta Jigawa inda cibiyar NIFOR take da reshenta na binciken dabino. Namiji ɗaya ya isa mata kamar hamsin in da hannu ake barbarar.

Masu yi wa kansu

Tunda namiji da mace suna ɗaki ɗaya, wasu tsirrai ba sa jiran kowa. Gyaɗa ita ce gwanarsu. Kafin ɗan rawayen furenta ya gama buɗewa da asuba, garin ya riga ya zuba a bakin mace. Daga nan furen ya bushe, gindin mahaifar ya miƙo kamar tsinke ya sunkuya ya huda ƙasa, a can cikin duhu kwanson gyaɗa yake ƙulluwa. Wake ma yana gama barbararsa fure na rufe. Shinkafa da alkama da waken suya duk haka suke. Dawa ma yawanci da kanta take yi, ko da yake iska kan kawo mata baƙon gari jefi-jefi.

Ga amfanin sanin wannan. Shukar da ke yi wa kanta barbara, 'ya'yanta kan fito kamar uwarsu. Wanda ya sami irin wake ko gyaɗa mai kyau, misali cikin waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa da sunan SAMPEA da SAMNUT, zai iya ajiye iri daga gonarsa ya shuka baɗi, ya sake ajiyewa, ba tare da irin ya rikiɗe ba. Abin da ke ɓata shi yawanci cakuɗewa ce a masussuka ko a buhu, ba a fure ba.

Tumatir ma mai yi wa kansa ne. Jakunkunan garinsa sun haɗu sun yi wa macen hula, iska ta ɗan girgiza furen ko ƙwaro ya yi gunji a kansa, garin ya zubo. Sai dai garin tumatir ba ya son zafi. In zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin yakan lalace, furanni su yi ta zuba. Masu noman rani a Kadawa da Kura sun san lokacin tumatir shi ne sanyin hunturu, sun san da zarar bazara ta kama ganye zai yi kyau amma ɗa ya yi ƙaranci. Mutum sai ya ƙara taki ya ƙara feshi, alhali ba yunwa ba ce ba kuma cuta ba ce, namijin furen ne zafi ya kashe.

Gida ɗaya, ɗaki daban-daban

Masara ta bi wata hanya. Kara ɗaya ne, amma furen namiji yana can ƙololuwa kamar tsintsiya, na mace kuma yana tsakiyar kara, shi ne goyon. Gemun masara da yara ke wasa da shi, kowane silinsa bakin mace ne, kuma kowane sili yana tafiya ne zuwa ga ƙwaya ɗaya tak. Goyo mai ƙwaya ɗari biyar, sili ɗari biyar ya fitar, kowanne kuma sai da ya sami ƙwayar garinsa. Furen sama yana zubar da miliyoyin ƙwayoyin gari, iska ce ke rabawa, kuma mafi yawan abin da ya sauka a gemun wannan kara daga maƙwabtansa ya zo.

Wannan ya bayyana abubuwa da dama da muka saba gani. Masarar da aka shuka layi ɗaya a bakin katanga takan fito da giɓi, saboda iska ta kwashe garin ta kai inda ba gemu. In kaɗan za a shuka, gara a yi ta dunƙule, layi huɗu ko biyar kusa da juna. Fari a lokacin fitar gemu ya fi fari a kowane lokaci ɓarna, domin ƙishirwa takan jinkirta gemun, shi kuwa furen sama ba ya jira, kafin gemu ya leƙo gari ya ƙare. Haka kuma wanda ya shuka fara kusa da mai ruwan ƙwai, zai ɓare goyonsa ya tarar da rawayen ƙwayoyi tsilli-tsilli cikin farare. Ba sihiri ba ne, garin gonar maƙwabci ne. Masu noman iri na sayarwa sukan nisanta gonarsu da sauran masara da mita 200 ko fiye saboda haka.

Irin masarar nan na kamfani da ake kira haibirid, da wannan rabuwar ɗaki ake yin sa. Ana shuka zuri'a biyu layi-layi, a bi a fizge furen sama na zuri'a ɗaya kafin ya zubar da gari, sai ta zama mace zalla, dole ta karɓi garin ɗayar. 'Ya'yan wannan haɗi na farko suna da ƙarfi da yawan amfani. In aka ajiye irinsu aka sake shukawa, jikokin sukan rarrabu, wannan dogo wancan gajere, amfanin ya ragu. Don haka maganar malamin gona cewa a sayi sabon irin haibirid kowace shekara gaskiya ce, ba dabarar ciniki kawai ba ce. Amma kada a ɗauki hukuncin masara a ɗora wa wake.

Kabewa da kankana da duma da gurji da agushi su ma ɗaki biyu gare su a yaɗo ɗaya. Gane su ba wuya. Ku duba bayan furen: in akwai 'yar mitsitsiyar kankana ko kabewa a gindinsa, mace ce, in siririn tsinke ne kawai, namiji ne. Mazan ne ke fara fitowa, su yi kwanaki suna buɗewa suna zuba, sabon manomi ya tayar da hankali ya ce shukarsa tana zubar da fure. Ba asara ba ce, aikinsu ke nan. Garin waɗannan kuwa nauyi gare shi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙudan zuma. Furen mace na kankana yana buƙatar ƙudan zuma su ziyarce shi sau da yawa a safiya ɗaya, in gari bai wadata ba sai kankanar ta fito a karkace ko ta faɗi tun tana ƙarama. Ina roƙon duk mai noman kankana ya riƙe wannan: feshin maganin ƙwari da hantsi, lokacin da furanni ke buɗe, kashe ma'aikatan gonarka ne da hannunka. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma lis.

Gwanda

A nan za mu ɗan zauna, domin ba na jin akwai bishiyar gida da ta fi gwanda ruɗa mutane. Asalinta daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, kuma iri uku take fitowa.

Akwai namiji. Furanninsa ƙanana ne sirara, da yawa, a jikin dogayen tsinkaye da ke reto daga bishiyar. Akwai mace, furenta babba ne mai kumburarren gindi, manne da jikin bishiya a hammatar ganye, in ka buɗe shi ba jakar gari ko ɗaya. Sai ta ukun, mata-maza, ita ma furenta yana kusa da jikin bishiya, amma dogo ne kamar ɗan bututu, a ciki ga mahaifa ga jakunkunan gari kewaye da ita. Ko a kasuwa ana iya gane su: gwandar mace zalla takan yi kewayayya da babban rami a ciki, ta mata-maza kuwa doguwa ce mai kaurin tsoka da ƙaramin rami.

Na san wani gida da aka shuka gwanda uku a bayan ɗaki. Biyu suka fara 'ya'ya, ɗaya sai fure kawai. Maigidan ya ga tana shan ruwa a banza, ya sa gatari. Daga nan sauran biyun suka koma zubar da fure, ɗan abin da ya ƙullu ma bai kai ko'ina ba. Matan nan biyu mace zalla ne, wanda aka sare shi ne mijinsu, kuma babu wata gwanda a unguwar. Wanda gwandarsa mata ne zalla, ya bar namiji ɗaya ga kowace goma ko sama da haka kaɗan.

Amma akwai hanyar da ta fi. Masana sun gano yadda gadon jinsi yake tafiya a gwanda, kuma lissafin mai sauƙi ne. In namiji ya yi wa mace barbara, rabin 'ya'yan maza ne rabi mata, wato rabin wahalar ban-ruwanka ta tafi ga bishiyoyin da ba za su ba ka 'ya'ya ba. In kuwa mata-maza ta yi wa kanta, cikin kowane uku da suka tsira biyu mata-maza ne, ɗaya mace, babu namiji ko ɗaya. Duk ukun masu haihuwa ne. Saboda haka mai son iri ya ɗebo daga doguwar gwanda, daga bishiyar da babu namiji kusa da ita. Masu manyan gonakin gwanda sukan dasa uku a rami ɗaya, su jira wata huɗu zuwa shida har fure ya fito, su bar mata-mazar su cire sauran. Kafin fure, ido ba ya iya bambance su, ko a iri ko a ganye. Zancen cewa baƙin iri mace ne, fari-fari namiji, ko cewa mai saiwa ɗaya namiji ne, ba shi da tushe.

Abu ɗaya kuma: mata-mazar gwanda tana jin yanayi. In zafi ya tsananta, mahaifar furenta takan ƙanƙance, furen ya koma aikin namiji kawai, sai a ga wani tsakani a jikin bishiyar babu 'ya'ya. In yanayi ya sassauta ta dawo. Kada a yi saurin sare ta.

Mangwaro ma yana da nasa salon. Kowane reshen furensa yana ɗauke da ɗaruruwan furanni har dubbai, wasu maza zalla, wasu mata-maza. Mazan dole su zuba. Ganin ƙasa ta yi fari da furen mangwaro ba alamar shekara ta ɓaci ba ne.

Me ya sa mai biyu yake neman na waje?

Ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa a wannan fanni. Tunda fure yana da namiji yana da mace, me zai sa ya ɓata ƙarfi wajen yin ƙamshi da launi da ruwan zaƙi don kiran baƙo?

Ku dubi gero. Kowace zangarniya cike take da furanni masu biyun, amma ba sa nuna tare. Fararen zarurrukan mace ne ke fara fitowa, sai bayan kwana biyu ko uku jakunkunan gari su biyo, lokacin da manomi ke cewa gero ya yi bununi. Kafin garin zangarniya ya zuba, matanta sun riga sun karɓi na wata. Fiya, wadda ake nomawa a Jos da Mambila, ta fi haka tsari: furenta yakan buɗe yau a matsayin mace, ya rufe, gobe ya sake buɗewa a matsayin namiji. Kuka kuwa da dare take shagalinta. Babban farin furenta mai reto yana buɗewa da magariba, ga tulin zarurrukan namiji kamar tuntu, ga macen ta zarce su ta leƙo waje, jemagu su zo shan zaƙi su kwashi gari a gashinsu su kai wata kukar. Jan furen ɗorawa ma jemagu na cikin manyan masu yi masa wannan hidima.

Darwin, masanin nan na Ingila, ya shafe shekaru yana gwada wannan a lambunsa, ya fitar da sakamakon a 1876. A yawancin tsirran da ya gwada, waɗanda aka haifa da garin wata shuka sun fi waɗanda aka haifa da garin kansu tsayi da ƙarfi da yawan iri. Makiyayi ba zai yi mamaki ba. Ya san in rago ɗaya ya daɗe a garke yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, zuri'ar takan tsumbure, shi ya sa ake canjin rago. Kowace halitta tana ɗauke da wasu raunuka ɓoyayyu a gadonta, waɗanda ba sa bayyana sai an gaje su ta wajen uwa da uba gaba ɗaya. Mai yi wa kansa barbara, uwa da uban ɗaya ne. Masara in aka tilasta mata haka shekara bayan shekara, takan gajarce ta rame. Su gyaɗa da wake kuwa sun daɗe a kan wannan hanya har zuri'arsu ta tace yawancin raunukan, sun sami tabbacin haihuwa ko ba ƙwaro ko ba iska, sun kuma rage wa kansu sabon jini.

Tana, katantanwa, da tsutsotsin ciki

A cikin dabbobi mata-maza ba su da yawa kamar a tsirrai, kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na ire-irensu ne, kuma yawancinsu masu tafiyar hawainiya ne ko mazauna wuri ɗaya. Dalilin a fili yake. Wanda ba ya iya yawo, haɗuwa da ɗan'uwansa tana masa wuya, in kuwa kowa yana da biyun, duk wanda aka ci karo da shi ya isa abokin haihuwa.

Tana ita ce misali mafi kusa. Kowace tana tana da kayan namiji da na mace, amma yawancinsu sai sun haɗu biyu. Sukan kwanta jiki da jiki cikin danshi, kan wannan wajen wutsiyar waccan, kowace ta ba ɗayar maniyyi ta adana, su rabu. Ku duba jikin babbar tana, kusa da kai akwai wani kumburi kamar ɗamara. Daga nan take fitar da wani zobe mai yauƙi, ya zame zuwa gaba, ya kwashi ƙwai da maniyyin da aka adana, ya fice ta kai, ya rufe ya zama 'yar jaka. Cikinta 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa. Dukansu biyu uwaye ne, dukansu ubanni. Matsattsaku ma danginta ne, haka yake. Dodon koɗi, wanda mutanen kudu ke kiwo suna ci, shi ma duk biyun da suka haɗu kowanne na iya yin ƙwai.

Yanzu ga inda darasin ya shafi lafiyarmu. Tsila, doguwar tsutsar nan mai kama da zare mai faɗi, ana kamuwa da ita ta cin naman shanu da bai dahu ba. Takan kai mita 5, wani lokaci ta wuce, jikinta gaɓa-gaɓa ne har dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Kowace gaɓa da ta balaga tana da nata kayan namiji da na mace. Yawanci ita kaɗai ce a hanjin mutum, kuma kaɗaicin bai hana ta komai ba, tana yi wa kanta barbara. Gaɓa ɗaya da ta cika tana iya ɗaukar ƙwai har 100,000. Waɗannan gaɓoɓi su ne farare masu motsi da ake gani a bayan gida. In aka yi bahaya a fili, ƙwan ya hau ciyawa, saniya ta ci, ya koma cikin namanta, da'irar ta sake zagayowa. Masai da dafa nama ya dahu har ciki, su ne ke yanke ta. Mai gasa tsire ya kula da tsakiyar yanka, ba bayansa kaɗai ba. Tsutsar hanta mai kama da ganye, wadda mahauta ke tararwa a hantar shanu da tumaki, ita ma mata-maza ce.

Sai tsargiya, fitsarin jinin da ke damun yara masu wanka a kududdufi da madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Abin lura, ita tsutsar tsargiya ta saɓa wa danginta, tana da namiji da mace daban. Amma ba ta iya kaiwa ga mutum sai ta bi ta jikin wata 'yar ƙaramar katantanwar ruwa da masana ke kira Bulinus, ita kuwa mata-maza ce, wasu ire-irenta ma suna yi wa kansu barbara. Ma'ana, guda ɗaya tak da ta tsira cikin laka lokacin rani, ko ta maƙale a ciyawar da ruwa ya kawo, ta isa ta sake cika kududdufi da zuri'arta in damina ta sauka. Shi ya sa kawar da ita yake da wuya ƙwarai, shi ya sa kuma aka fi dogara ga ba yara magani da hana fitsari cikin ruwa. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Cuta ce, tana cin mafitsara a hankali, kuma tana da magani, firazikwantal, wanda ake rabawa a makarantu da asibitoci.

A teku akwai kifayen da ke yin jinsin biyu ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kifi mai ruwan lemo da fararen zane a tekun Indiya da Fasifik yana zama ƙungiya-ƙungiya, babbar cikinsu ita ce mace, in ta mutu sai mijinta ya rikiɗe ya zama mace, na biye da shi ya zama miji. Tarwaɗa da karfasa da muke kiwo ba sa cikin waɗannan.

A garke da cikin mutane

Abin da ake kira mata-maza a dabbobin gida wani abu ne daban, kada a haɗa. A kuɓewa da tana, sassan biyu cikakku ne kuma duka suna aiki. A akuya ko saniya kuwa, ginin jiki ne ya sami tangarɗa tun a ciki, kuma yawanci dabbar ba ta haihuwa ta kowace fuska. Makiyaya sun san in saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, macen kusan tara cikin goma juya ce. Wani masani Ba'amurke, Frank Lillie, ya bayyana dalilin a 1916: jijiyoyin jinin mabiyar tagwayen sukan haɗu, sinadaran jikin namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta ginuwa. Irin wannan karsana a yi kiwonta don nama, kada a zauna jiran maraƙi.

Cikin mutane ma akan haifi jariri da ba a iya tantance jinsinsa da ido. Malaman fiƙihu sun san da wannan tun da daɗewa, suna kiransa hunsa, sun yi masa babi a hukuncin gado. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba kuma abin tsegumi ba ne. Ɗa ne kamar kowane ɗa. Abin da nake so ungozoma da iyaye su riƙe shi ne a kai shi babban asibiti cikin kwanakin farko, kada kunya ta sa a ɓoye. Wani nau'in wannan hali yana tafe da matsalar gishirin jiki da ke iya halaka jariri cikin makonnin farko, alhali in an gano ta da wuri akwai magani.

Aikin gida

Kowa ya zaga gidansa ko unguwarsu ya nemo gwanda uku masu fure, ya rubuta a littafinsa wacce ce namiji, wacce mace, wacce mata-maza, da alamar da ya gani. Wanda ke da kabewa ko kankana ya ƙirga furannin maza da na mata a yaɗo ɗaya, safiya uku a jere, ya zo mana da adadin.

Masu masara kuma ga naku, sai dai yana son haƙuri. Ku zaɓi kara biyu masu ƙarfi ɗaya. Da zarar goyo ya ɓullo, tun gemu bai leƙo ba, ku rufe na kara ɗaya da jakar takarda ku ɗaure bakinta sosai, ɗayan ku bar shi a buɗe. Kada a yi da leda, tana tara zafi. Bayan mako uku a cire takardar. Ranar girbi ku karyo goyon biyu, kada ku ɓare su a gona, ku kawo su aji mu ɓare tare.